Wa ya kashe Farfesa a ɗakin sanyi? Ku taya Sadi warware labarinsa

Sadi Rikkos: Salam jama'ar gida, ya sanyi. Ina da ƴar matsala ne nake so a taya ni. Ina rubuta shirin talabijin mai dogon zango, na binciken kisa, kuma na sa labarin a cibiyar binciken kimiyya irin inda ake haɗa allurar riga-kafin dabbobi. Safiyar Litinin mai shara ta buɗe ɗakin sanyi ta tarar da Farfesa kwance ya sandare. Ana zargin mataimakinsa, da wata ɗalibarsa mai digiri na uku, da akanta, da direbansa, da uwargidansa. Inda na maƙale shi ne abin da ya kashe shi. So nake ya zama wata ƙwayar cuta ce aka sata daga lab aka yi masa allura da ita, to wacce ce za ta fi shiga hankali?

Ɗan Taminus: Uwargida ce ta kashe shi, an gama, a ba ni kuɗin shawara 😂

Maman Ikram: Kai dai Ɗan Taminus kullum mace ce mai laifi a wajenka, Allah ya shirye ka. Sadi ni na ji daɗin wannan tunanin wlh, mun gaji da kishiya da gado da boka. Amma wace cibiya kake nufi, ta binciken dabbobi da ke Vom kusa da Jos?

Sadi Rikkos: Ita ce a raina Anti, gini tun na zamanin Turawa, ga duwatsu ga hazo da sassafe, kyamara za ta so wurin sosai

Anti Talatu Bukur: Ƙanina tsaya tukuna. Na daɗe ina aikin lab kuma zan faɗa maka abu biyu kada ka ji haushi. Na farko cire sunan Vom daga labarinka gaba ɗaya. Wurin nan tun 1924 yake, saboda bushiya da ke ƙarar da shanu aka kafa shi, kuma riga-kafin da ake yi a can na cikin abin da ya taimaka har aka wayi gari a 2011 duniya ta ce bushiya ta ƙare kwata-kwata. Ko a 2023 da cutar saifa ta ɓulla a wata gona wajen Suleja, lokacin da aka yi ta cewa a daina cin ganda, ai can aka kai samfuri aka tabbatar. Kai kuma ka zo ka nuna wa makiyayi a talabijin cewa a nan ake satar cuta ana kashe mutane da ita, gobe mai allura ya je ruga a kore shi da sanda. Ƙirƙiri cibiyarka, sa mata sunan da babu shi. Na biyu kuma maganar ƙwayar cuta ba za ta yi maka aiki ba, cuta ba harsashi ba ce, lokaci take ɗauka. Haukan kare ma yawanci sai ya yi wata ɗaya zuwa uku a jiki kafin ya nuna, ta yaya mutum zai bar ofis lafiya ranar Juma'a a tsince shi a sandare Litinin

Sadi Rikkos: Anti na ji ta farko. Amma ta biyun fa idan na cire cutar me ya rage na kimiyya a labarin? Sai ya zama kamar a kowane ofis aka yi kisan

Dakta Binta: Ai nan ne masu irin waɗannan finafinan suke faɗawa rami, gani suke tunda a lab ne dole makamin ma ya fito daga kwalba mai hayaƙi. Duba abin da ya faru da gaske a jami'ar Yale ta Amurka a watan Satumba na 2009. Ɗaliba mai digiri na uku ta shiga ginin bincike ba a ga fitowarta ba, aka yi kwanaki ana nema, sai ranar da aka sa za a ɗaura mata aure aka samu gawarta a ɓoye cikin bango a ƙasan ginin. Ginin cike da sinadarai amma shaƙe ta aka yi. Wanda ya yi kuma ba wani babban masani ba ne, ma'aikacin da ke kula da ɓerayen gwaji ne. Abin da ya kama shi katin buɗe ƙofa ne, kowace ƙofa ka buɗe kwamfuta ta rubuta sunanka da lokaci, sai aka ga shige da ficensa a ɗakunan bai yi kama da na kullum ba, sannan DNA ta ƙarasa. A 2011 aka yanke masa shekara 44. Kimiyyar tana wajen kamun ne Sadi, ba sai ta kasance a wajen kisan ba

Maman Ikram: Innalillahi, ranar aurenta 😭

Ɗan Taminus: To mu da ƙofar lab ɗinmu kwaɗo ne ɗan China da makulli a aljihun maigadi, wace kwamfuta ce za ta rubuta

Baba Sufeto: Yaro kana wasa amma ka taɓo inda maganar take. Sadi ɗana, ni na yi ritaya daga wannan aikin, kuma abin da ke hana ni kallon finafinanku na ƴan sanda shi ne kwaikwayon Turawa ba tare da kayan Turawa ba. A zo da farin kaya da burushi ana shafa hoda a hannun ƙofa, alhali kafin ɗan sanda ya iso mutum talatin sun taɓa ƙofar, an ɗaga mamacin, an yayyafa masa ruwa, an lulluɓe shi da zane, wata baiwar Allah ma ta goge ƙasan da tsumma saboda manya za su zo. Haka wurin kisa yake a ƙasar nan. Idan ka nuna haka a kashi na farko, sufeto ya iso ya tarar an share masa komai tas, duk wanda ya taɓa aikin zai gyara zama.

Sadi Rikkos: Baba wannan na ɗauka, har na hango fuskar sufeton. To amma in an share komai da me zai kama mutum?

Anti Talatu Bukur: Da takardu mana. Ku ba ku san lab ba, babu inda ake rubuce-rubuce kamar can. Bari in zana maka ƙofar ɗakin sanyi yadda take. Akwai takarda manne da salatif a jikinta, an ja layuka, kwanan wata, safe, yamma, sa hannu. Sau biyu kullum wani zai duba ma'aunin ya rubuta, 4, 5, 4, don riga-kafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye shi. Biro ɗaure da zare yana lilo a gefe saboda kada a ɗauke. Can baya kuma ɗakin janareta akwai wani littafin mai baƙin bango duk ya sha dizel, ƙarfe nawa aka ɗauke wuta, ƙarfe nawa aka tada inji, lita nawa aka zuba. Ga littafin maigadi a get. Ga na karɓar makulli. Waɗannan su ne katin ƙofarmu. Kuma wani abu, ɗakin sanyi ba ya saurin kashe mutum, digiri 4 ne fa, kuma yawanci akwai abin turawa ta ciki da ke buɗe ƙofar ko an rufe ta waje. Don haka Farfesanka ba sanyi ne ya kashe shi ba, kai shi aka yi

Ɗan Taminus: Digiri 4 kam mutumin da ya taɓa jiran mota a Mararrabar Jama'a da asubar Disamba ai gyangyaɗi kawai zai yi a ciki

Dakta Binta: Anti Talatu kin ba shi labarin gaba ɗaya. Sadi ka bi ni a hankali. Dalilin da zai sa mai kisa ya ja gawa zuwa ɗakin sanyi shi ne ya rikita lokacin mutuwa. Likita yana ƙiyasta lokaci ne da abubuwa kamar yadda jiki ya huce da yadda ya sandare. Sandarewa tana farawa bayan ƴan awanni, wajen awa 12 ta game jiki, bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu ta saki. Sanyi yana jinkirta duk wannan lissafin. To mai kisan masani ne ya san haka, ya kashe shi daren Juma'a yana so a ɗauka Lahadi ne, lokacin shi yana wani gari wajen biki kowa ya gan shi. Abin da bai sani ba shi ne an ɗauke wuta ranar Asabar kuma ba a tada inji ba, ɗakin ya ɗumama na tsawon awanni, gawar ta nuna alamun da bai kamata ta nuna ba in da sanyin bai yanke ba. Takardar ƙofa ta ce 4, 4, 4, gawa ta ce ƙarya ne

Sadi Rikkos: Kai! Likita Allah ya biya ki. To me ya hana a tada injin?

Baba Sufeto: Saboda mai janareta ya sayar da dizel ɗin ƙarshen mako. Shi ya sa zai rantse maka da abin da zai kashe shi cewa inji bai tsaya ba. Wanda ke cike takardar ƙofa shi ma bai zo aiki Asabar da Lahadi ba, tun Juma'a ya cike layukan gaba ɗaya da biro ɗaya. Maigadi ya tafi gida cin tuwo ya bar ƙaninsa a get. Ka ga mutum uku sun yi wa ɗan sanda ƙarya kuma babu wanda ya kashe kowa a cikinsu, kowa ƙaramar ɓarnarsa yake rufewa. Aikin bincike kenan ɗana, rabin wahalar ita ce raba maƙaryacin da ke tsoron kora daga maƙaryacin da ke tsoron rataya. Kowane ɗaya a cikinsu zai ci maka kashi guda.

Maman Ikram: Baba wlh kai ya kamata ka rubuta. Amma ni fa akwai abin da ke damuna, duk wannan sai an bar gawar an duba ta ko? Farfesa musulmi ne ko kirista? Don in musulmi ne kafin azahar an kai shi, babu dangin da za su tsaya kallo ana cewa za a yanka musu uba

Sadi Rikkos: Musulmi na sa shi Anti, kuma gaskiya na yi niyyar in tsallake wajen ne, a nuna kawai sakamako ya fito

Maman Ikram: Kada ka kuskura. Nan ne ma kowa zai ga gidansu

Malam Auwal Gangare: Assalamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Sadi in za ka taɓa wannan wajen ka taɓa shi da ilimi, kada ka fito da malami a matsayin jahilin da ke tare wa gaskiya hanya kamar yadda wasu ke yi. Dangin da suka ƙi suna da abin riƙewa, an umurce mu da gaggauta jana'iza, kuma hadisi ya zo a Abu Dawud cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma malamai sun duba lalura, majalisar manyan malaman Saudiyya tun 1396 bayan hijira, wato 1976, ta halatta binciken gawa idan don gano laifin kisa ne ko gano annoba. Domin jinin wanda aka kashe haƙƙi ne, sannan akwai wanda za a iya kamawa bai ji ba bai gani ba. Saboda haka in ka sa limami a labarin, zai iya zama shi ne ma zai zaunar da babban ɗan ya ce masa a yi haƙuri zuwa gobe.

Baba Sufeto: Malam Allah ya ƙara ilimi, a littafi haka yake. A ƙofar gida kuwa abin da na saba ji shi ne mun bar wa Allah, kwanansa ne ya ƙare. Kuma ba kullum tawakkali ba ne, wani lokaci kuɗin da za a ce su biya ne, wani lokaci tsoron zarya ofishinmu ne, wani lokaci kuma a cikin masu cewa a gaggauta ɗin akwai wanda ya san abin da ya sa yake gaggawa.

Malam Auwal Gangare: Wannan gaskiya ne Baba, sai dai kada a mayar da kowane mai gaggawa abin zargi, mafi yawansu sunna suke bi da zuciya ɗaya.

Baba Sufeto: Ban musa ba. Shi ya sa mai laifin ke samun wurin fakewa a cikinsu.

Ɗan Taminus: Ni dai har yanzu ban ga abin da ya wanke uwargida ba

Luka Farin Gada: Jama'a sannunku. Sadi ɗan'uwa akwai abu ɗaya da ba wanda ya faɗa kuma a garin nan namu na Jos dole a faɗe shi. Ka lura da sunayen da za ka raba. In mamaci Alhaji ne mai kisa kuma Dung ko Gyang, wato ɗan ƙabilar Birom, ko ka juya shi, to labarinka ya tashi daga na bincike ya koma wani abu daban, mutane ba za su ga dizel da takardar ƙofa ba sam, lissafin nasu da namu za su shiga. Ni da zan ba ka shawara mai kisan da mamacin su fito ɓangare ɗaya, sauran ma'aikata kuma a gauraya yadda wuraren aikin suke da gaske

Maman Ikram: Luka ka faɗi gaskiya wlh

Sadi Rikkos: Na yi tunanin haka Yaya Luka, shi ya sa ma na sa sufeton da likitar da ke taya shi addininsu daban, suna faɗa kullum amma kan aiki. Mai kisan kam ban yanke ba har yanzu, tsakanin mataimaki da akanta nake

Anti Talatu Bukur: Akanta ya yi sauƙi, kowa zai ce kuɗi. In kana son dalilin da ɗan lab zai ji a ƙirjinsa to suna ne. Mutum ya shekara shida yana kwana da samfuri, shi ne zuwa ruga ɗibar jini, shi ne tsayuwa kan firiza in wuta ta ɗauke yana kwashe kaya cikin kula da ƙanƙara da tsakar dare, ranar da takarda ta fito a mujallar ƙasar waje sai ya ga sunan oga a gaba nasa a na huɗu ko babu ma. Kuma da waɗannan takardun ake ƙarin girma, da su ake samun tallafin bincike, da su ake fita taro waje. Ko kuma ka juya shi, ƙaramin ne ya gano alƙaluman da oga ya buga na ƙarya ne, ko ogan ne ya gano na ƙaramin. Wannan ba ya bukatar bindiga kafin ya kai mutane ga mugun abu

Dakta Binta: Kuma Sadi in cutar ce dai ke ranka, ba sai an kashe wani da ita ba, sa ta ta zama abin da ke hana kowa sakewa a ginin. Garin nan yana da tarihin da ya fi duk abin da za ka ƙirƙira. Zazzaɓin Lassa ai ta nan duniya ta san shi. A farkon 1969 wata nas ƴar mishan ta kwanta a garin Lassa na Borno, aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin Jankwano ta rasu a nan, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, ta ukun Penny Pinneo aka kai ta Amurka ta rayu. Jinin da aka tura Yale ya kama masanin da ke aiki a kansa, Jordi Casals, da jinin Pinneo aka yi masa magani ya tashi, wani ma'aikacin lab ɗin kuma ya mutu. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawar wanda ya mutu da ita, ta kamu ta rasu. To ka sa likitarka ta san wannan tarihin, an kawo mata gawar mutumin da ke aiki da ƙwayoyin cuta ba a san me ya kashe shi ba, ta tsaya da wuƙa a hannu. Ba ka bukatar kiɗan ban tsoro a wajen

Luka Farin Gada: Ikon Allah, a Jankwano aka haife ni ban taɓa jin wannan ba

Ɗan Taminus: To DNA fa? Ba a fim ɗin bincike babu DNA, a sa gashi a inji hoton mutum ya fito a allo

Dakta Binta: 😂 ba haka take aiki ba, sai da wanda za a gwada da shi. Kuma a labarin Sadi kusan ba ta da amfani, duk waɗanda ake zargi a ginin suke aiki, samun gashinsu ko yatsunsu a ɗakin sanyi ba ya nuna komai. In ma za a yi sai a nuna an tura samfuri Legas, can gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar DNA a 2017, a yi ta jira

Baba Sufeto: Ko a Ingila inda aka fara, ba inji kaɗai ya yi aikin ba. Alec Jeffreys ya gano hanyar a jami'ar Lesta a 1984, da aka zo amfani da ita kan kisan wasu ƴan mata biyu abin da ta fara yi shi ne wanke wani yaro da ya riga ya amsa laifi. Aka ɗebi jinin maza kusan 5,000 ba a samu mai laifin ba, saboda ya tura abokin aikinsa ya ba da jini da sunansa. Sai da abokin ya yi suɓutar baki a wajen shaye-shaye wata mata ta ji ta kai rahoto, a 1987 aka kama shi. Ka lura da yaron da ya amsa laifin da bai yi ba, ka sa irinsa a naka. Direban nan za a fara kamawa, talaka ne kuma shi aka gani da makullin mota, kwana biyu a bayan kanta zai ce shi ne.

Sadi Rikkos: Baba in na nuna haka tashar za ta yarda ta sa kuwa?

Baba Sufeto: Sufetonka ne zai fito da shi ai. Nuna duka biyun.

Maman Ikram: Ni roƙona ɗaya, mai sharar nan kada ta ɓace bayan ta yi ihu a kashi na farko. Ita ke kwashe kwandon kowane ofis, ta san wanda ke yaga takarda, ta san wanda ya kwana a ofis, kuma babu mai ɓoye fuska a gabanta don ba a ɗauke ta mutum ba. Da ɗan gari akan ci gari, sufeto in yana da wayo shayi zai saya mata

Anti Talatu Bukur: Sosai. Kuma don Allah Sadi kada in ga ɗan wasa da farar riga a kantin cin abinci ko yana amsa waya da safar hannu, ranar zan kashe talabijin. Ruwa mai launin kore da ja yana tafasa a kwalba ma a bar shi, yawancin abin da muke aiki da shi kamar ruwan famfo yake a ido

Sadi Rikkos: To Anti in babu kala me kyamara za ta ɗauka 😩 ko shuɗi ɗaya a bar min

Anti Talatu Bukur: Akwai ruwan da ake rainon ƙwayoyin halitta a ciki, ja-ja ne kamar zoɓo mara kauri, in ya lalace ya koma ruwan ɗorawa. Shi na yarda. In ma kana da wayo shi ma shaida ne, wanda aka bari a injin ɗumi ranar Juma'a launinsa zai gaya maka ko an kula da shi a ƙarshen mako

Malam Auwal Gangare: In ka rubuta wajen jana'izar ka turo min in duba lafazin limamin kafin ku ɗauka.

Sadi Rikkos: In sha Allah Malam. Anti Talatu zan biyo ki ta akwati ki zana min yadda littafin janareta yake layi-layi. Baba saura tambaya ɗaya, mai binciken sufeto zan bar shi ko in ɗaga shi zuwa ASP, muƙamin da ke sama da sufeto, kuma mota zan ba shi?

Baba Sufeto: Bar shi sufeto. Mashin za ka ba shi, kuma shi ke sayen mai da kuɗinsa.